Yadda Za Ka Gyara Kukar Lantarki a Gida Ta Hanyar Canza Abin da Ya Ƙone

'Yan'uwa mazauna Jidda da Makka sun sha turo mini tambaya iri ɗaya, musamman idan azumi ya ƙarato: faifai ɗaya na kukar girki ya daina zafi, ko obin ya daina gasa komai, shin a kira mai gyara ne ko a tafi haraj, wato kasuwar kayan gwanjo, a nemo wata? A mafi yawan lokuta kukar lantarki ba ta mutuwa gaba ɗaya. Abu guda ne ke ƙonewa a cikinta, kuma duk mai sukundireba da mita zai iya gano shi ya canza shi tsakanin la'asar da isha. Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne sayen kaya da ka kafin su auna, don haka a bi matakan nan a jere.

Bayanin ya shafi kuka mai faifan ƙarfe da kuma mai gilashi a sama wadda ake ganin jan wuta a ƙarƙashinsa. Wadda ba ta aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, wannan a kai wa wakilin kamfani. Allon na'ura ne a cikinta, kuma yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

1. Kafin ka taɓa sukundireba

Nemo fatura, wato rasidin saye. A Saudiyya kayan lantarki na gida suna da garantin shekara biyu daga ranar saye, kuma da zarar ka buɗe kukar da hannunka wakili zai iya cewa ka karya sharaɗi. Idan shekara biyun ba ta cika ba, kira su. Idan suka yi ta ja maka rai, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900. Idan kuma kukar ta mai gida ce, ka tarar da ita a ɗakin da ka kama haya, sanar da shi ko haris, mai gadin gidan, tukuna.

Sannan duba agogon da ke gaban kukar. Obin da yawa ba ya tashi bayan an ɗauke wuta sai an sake saita agogo, ko an danna maɓallin da ke da hoton hannu. Idan lambobin suna ƙyaftawa, saita su ka sake gwadawa. An sha biyan kuɗin zuwan mai gyara a kan wannan kaɗai.

2. San irin wutar gidanka

A nan zan ɗan tsaya, domin wanda ya koyi aikin wuta a Kano ko Maraɗi zai iya yin kuskure mai hatsari a Saudiyya. Tsofaffin gine-gine suna kan tsarin bolt 127 da 220. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 da 400 a hankali cikin shekara 25, shi ya sa har yau iri biyun suna nan, wani lokaci a titi ɗaya.

A tsohon tsari, ana samun 220 ne ta haɗa layuka biyu masu wuta. Wato wayoyi biyun da suka shiga kukarka duk suna da wuta, babu wadda za ka taɓa lafiya kamar yadda aka saba da waya mai sanyi a gida Najeriya. Idan makunnin bango layi ɗaya kawai yake yankewa, kukar za ta mutu amma rabin wayoyinta suna ɗauke da bolt 127.

Abu biyu ke biyo bayan wannan idan an yi ƙaura. Kukar da aka jona wa 127 bisa kuskure za ta kama, fitilunta su kunnu, amma zafinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba; ruwan shayi sai ya yi ta zama bai tafasa ba, a ɗauka faifai ne ya gaji. A sabon gini kuma, idan aka haɗa mata layuka biyu kamar yadda aka saba a tsohon gida, bolt 400 za ta sha, faifai da agogo da fanka su ƙone a take. Don haka idan matsalar ta fara ne ranar da kuka tare, ko duka faifan suka yi sanyi lokaci ɗaya, kira mai aikin wuta ya auna abin da ke shigowa. Wannan awon da wuta a kunne ake yinsa, ba na ɗan koyo ba ne.

3. Kayan aiki

Mita mai auna om da bolt ita ce babbar abokiyar aikin, kuma ƙarama ba ta kai riyal ɗari ba a shagon kayan wuta. Sai sukundireba mai baki ɗaya da mai sita, filaya mai dogon baki, ƙaramar sifana ko soket na 8 da 10, tasta, safar hannu saboda kaifin ƙarfen cikin kuka, tef na takarda da biro don rubuta lamba a jikin waya, da kofi na zuba sukurori. Wayarka ta hannu ma kayan aiki ce, saboda hoto.

Idan za ka canza waya, sayi mai jure zafi, wadda aka naɗe da silikon ko zaren gilashi, tare da kawunan waya na ƙarfe masu faɗin milimita 6.3.

Gargaɗi: baƙin tef na roba da wayar gida ta yau da kullum ba su da wuri a cikin kuka. Narkewa suke yi.

4. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

Je tablon, wato akwatin birekun wutar gida, ka sauke birekar kicin. Idan gidan tsoho ne, ko ba a rubuta sunan kowace bireka ba, sauke babbar gaba ɗaya; a haƙura da na'urar sanyaya ɗaki na sa'a guda, shi ya sa aikin ya fi daɗi da sassafe ko bayan la'asar. Manna tef a kan birekar, ka gaya wa uwargida da yara kada kowa ya ɗaga.

Jawo kukar daga bango a hankali, ka buɗe ƙaramin murfin da babbar waya ta shiga. Sa mita a kan bolt na wutar gida, auna tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta, sannan tsakanin kowace waya da ƙarfen jikin kukar. Ko'ina sifili ya kamata ka gani. Fara gwada mitar a soket mai wuta kafin ka sauke babbar bireka, don ka san tana aiki.

Gargaɗi: ƙasan kicin ya zama busasshe, takalmin roba a ƙafa, kuma a samu babba a kusa. Idan wuta ta ja wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe bireka tukuna, sannan a kira motar asibiti ta 997 ko 911.

5. Buɗe kukar, ka ɗauki hoto

Saman kuka yawanci sukurori biyu zuwa huɗu ke riƙe da shi, a baya ko a ƙarƙashin leɓen gaba. Wani yana ɗagowa kamar bonet, wani sai an tura shi gaba kaɗan. Bayanta kuma faifan ƙarfe ne guda. Kafin ka cire ko waya ɗaya, ɗauki hoto daga nesa da daga kusa, yadda lambobin da ke jikin kowane baki, wato inda waya ke shiga, za su fito.

Yanzu yi amfani da ido da hanci. Waya da ta yi baƙi, kan waya da ya saki, roba da ta narke, warin ƙauri, sawun miya da ta zubo ta bushe a kan mahaɗa, kyankyasai da suka mutu a cikin makunni: sau da yawa a nan za ka ga matsalar kafin mita ta yi magana.

6. Auna faifai

Faifan ƙarfe girma uku ne aka fi samu: milimita 145, 180 da 220. Na yau da kullum ƙarfinsu wat 1000, 1500 da 2000. Masu jan ɗigo a tsakiya su ne masu sauri, 1500, 2000 da 2600. Ƙarfin yana rubuce a ƙarƙashin faifan.

Cire wayoyin da ke shiga faifan bayan ka sa musu lamba. Kada ka auna suna jone, domin mita za ta bi ta wata hanya ta ba ka amsar ƙarya. Juya mitar zuwa alamar Ω, ka haɗa tsinkayenta biyu ka ga ta nuna kusan sifili.

Idan faifan baki biyu gare shi, lissafin mai sauƙi ne: ninka bolt da kansa, ka raba da wat. A kan 230, mai wat 1000 zai nuna kusan om 53, mai 1500 kusan 35, mai 2000 kusan 26. Ɗan bambanci sama ko ƙasa ba komai ba ne. Idan mita ta nuna OL ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, zaren ƙarfen da ke ba da zafi a ciki ya tsinke, faifan ya gama aiki.

Idan baki huɗu gare shi, zare uku ne a ciki, kuma makunni mai lamba ɗaya zuwa shida shi ke haɗa su iri-iri don rage zafi ko ƙara shi. Ƙaramin faifai mai wat 1000, misali, zarensa 500 ne da 250 da 250, don haka za ka ga kusan om 105 a ɗaya, sama da 200 a sauran. Auna kowane baki da sauran ukun. Duk bakin da ya ƙi nuna lamba da kowa, zarensa ya tsinke. Wannan ne dalilin da uwargida za ta ce faifan yana aiki a shida amma ba ya komai a ɗaya da biyu, ko yana zafi amma tuwo ba ya nuna da wuri kamar da. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka auna wani faifan mai girma ɗaya da ke aiki, ka kwatanta.

Awo na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa: tsinke ɗaya a bakin faifai, ɗaya a ƙarfen jikinsa, mita a kan lamba mafi girma. Bai kamata ta nuna komai ba sai OL ko 1 ita kaɗai. Idan ta nuna wata lamba, wuta na zurarewa zuwa jiki, kuma shi ne ke sa bireka faɗuwa ko tukunya ta riƙa jan hannu. Irin wannan faifai a cire shi ko da yana zafi. Wani zurarewar ba ya bayyana sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Idan bireka na faɗuwa bayan 'yan mintuna duk lokacin da aka kunna faifai guda, shi ne, ko mita ta ce lafiyarsa ƙalau.

A kuka mai gilashi awon ɗaya ne, sai dai zaren a fili yake cikin farin kasko, kana iya ganin inda ya tsinke. Kada ka taɓa shi da yatsa, kuma kada ka karya siririn sandan da ya gitta ta kansa, shi ke hana gilashin wuce kima da zafi.

7. Sayen sabo

Tafi da tsohon a hannu, tare da hoton takardar da ke manne a bayan kukar ko a bakin ƙofar obin, mai sunan kamfani da lambar samfuri. Faifai da makunni na kuka da yawa, na Turkiyya da na Italiya, fitattun kamfanoni kaɗan ne ke ƙera su, irin su EGO na Jamus, don haka ba dole sai wurin wakili ba. Shagunan kayan gyaran firji da injin wanki suna ajiye su. Abu huɗu za su yi daidai: faɗi, wat, bolt, da yawan baki.

Faifai, makunni, zaren obin da roban ƙofa, kowanne a gomomin riyal yake, na asali ya fi tsada. Gilashin sama da agogo mai allo su ne ke shiga ɗaruruwa. Tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka karɓi fatura, ka kuma auna sabon da mitarka a gaban mai shago, domin kayan wuta da yawa ba a karɓarsu idan an fita da su. Ranar Juma'a da safe kada ka wahalar da kanka, a rufe za ka tarar.

A Haraj Sawarik da ke kudancin Jidda ana samun tsofaffin kuka da ake ɓarewa. Ni dai murfi, maɓallin juyawa, tire da ƙarfen ƙofa nake yarda a sayo a can. Zare da makunni na hannu, araha ba ta ado. Ba ka san shekarun da suka yi suna aiki ba. Kuma idan lissafin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, jikin kukar ya riga ya ci tsatsa da raɓar Jidda, a sayi sabuwa kawai.

Gargaɗi: kada ka sa mai wat 2000 a gurbin mai 1500 don girki ya yi sauri. Makunni da wayar ba a yi su don wannan nauyi ba.

8. Ɗora sabon faifai

A ƙarƙashin faifan akwai noti ɗaya a tsakiya da ke riƙe da shi a jikin wani ƙarfe mai gittawa. Idan tsatsa ta kama shi, ɗiga masa mai ka ba shi minti goma. Kwance shi, ka tura faifan sama. Kankare dattin da ya taru a bakin ramin, ka zaunar da sabon yadda ɗan ƙarfen da ke hana shi juyawa zai shiga raminsa. Ɗaure notin har faifan ya daina motsi, kada ka matse har saman kukar ya lotsa.

Mayar da wayoyi lamba da lamba, ɗaya ga ɗaya, huɗu ga huɗu. A bi lambar da ke jikin faifai, ba matsayin da wayar take a hoto ba, domin wani kamfanin jerinsa daban ne. Wayar ƙasa mai launin kore da rawaya ta koma inda take. Ja kowace waya kaɗan. Wadda ta fito cikin sauƙi, matse kanta da filaya ko ka canza shi. Sakakkiyar waya ita ce ke haifar da zafi ta ƙone sabon faifai cikin 'yan watanni.

9. Idan faifai lafiya, makunni ne

Duk zaren sun nuna lamba amma babu zafi, ko faifan ya ƙi mutuwa, ko yana tsayawa a kan cikakken zafi duk inda aka juya: makunni ya lalace. Zare maɓallan gaba, kwance sukurori biyun da ke riƙe da shi. Riƙe sabon kusa da tsohon, ka cire waya ɗaya ka sa ta a bakin da ke da alama iri ɗaya, sannan ta gaba. Bakunan da aka rubuta P1 da P2 su ne na shigowar wuta. Wanda ya cire duka lokaci ɗaya yana cewa zai tuna, shi ke kwana yana kallon hoto.

Makunni mai lamba shida da mai juyawa ba tsayawa, irin na kukar gilashi, ba sa maye gurbin juna ko da jikinsu ya yi kama.

10. Obin

Abin da abinci ya yi shi zai nuna maka inda za ka duba. Kek ya yi ja a sama ƙasansa ɗanye, zaren ƙasa ne. Kaza ba ta yin ja, zaren sama. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma iska mai sanyi, zaren zobe ne da ke zagaye da fankar a bangon baya. Awon duk irin na faifai mai baki biyu ne, kuma yawancinsu tsakanin om 20 da 55 za su nuna. Zaren da ya kumbura ko ya tsage ba sai an auna ba.

Zaren sama da na zobe daga cikin obin ake kwance su, na ƙasa kuma sau da yawa ta baya ake zaro shi. Idan daga ciki kake aiki, da zarar ka jawo zaren, kama wayoyinsa da maƙalin shanya kafin ka cire su, in ba haka ba su koma cikin rami sai ka buɗe baya.

Idan obin yana ƙona komai ko da an sa shi a 150, ma'aunin zafi ne, wanda ke bayan maɓalli mai lambobin digiri. Idan yana da lafiya, obin na sanyi, za ka ji ƙas idan ka juya shi daga sifili, mita kuma ta nuna kusan sifili a bakunansa. Yana da siririn bututun ƙarfe da ke shiga cikin obin. Wajen sa sabo a warware bututun a hankali, kada a lanƙwasa shi sosai, kada a yanke, kada ya taɓa bakin waya, kuma kansa ya koma kan maƙalan da tsohon yake.

Idan babu zaren da ke zafi ko ɗaya, agogo kuma a saite yake, nemi wani ƙaramin abu mai waya biyu da ke manne a bayan obin ko a samansa. Fis ne na zafi. Mita ta nuna kusan sifili a kansa. Idan ba haka ba ya yanke.

Gargaɗi: kada a haɗe wayoyinsa biyu a tsallake shi. Shi ke tsakanin kicin ɗinka da gobara. A canza shi da mai digiri iri ɗaya, a kuma binciki abin da ya sa ya yanke, yawanci ma'aunin zafi ko fankar sanyaya jiki.

Ƙwan fitila na obin ne na musamman mai jure digiri 300, wat 15 ko 25. Roban ƙofa ƙugiyoyi ne a kusurwa, a zare a maƙala sabo.

11. Mahaɗar babbar waya

Idan kukar ta mutu gaba ɗaya, ko rabinta, ko ana jin ƙauri daga baya, koma wurin da ka fara awo. Sukurorin nan suna saki da shekaru, roban ya narke. Canza mahaɗar duka, ka yanke ƙonannen bakin waya har ka kai jan ƙarfe mai sheƙi. Ƙananan gadojin tagulla da ke haɗa bakunan su koma yadda zanen da ke jikin murfin ya nuna na irin wutar gidanka.

Kuka mai faifai huɗu da obin tana jan abin da ya haura wat 7000 idan an kunna komai. Soket mai baki uku na amfiya 13 iyakarsa kusan 3000. Tana buƙatar layinta daga tablon, waya mai kaurin milimita sikwaya 6, birekarta, da wayar ƙasa. Idan ka tarar an jona ta a soket ko a doguwar waya ta ja, duk gyaran da ka yi na ɗan lokaci ne. Jawo sabon layi kuma aikin mai aikin wuta ne, da izinin mai gida.

12. Rufewa da gwaji

Kafin ka rufe, kwatanta da hotunanka, ka tabbatar babu wayar da ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi ko ta shiga tsakanin murfi da jiki. Sake auna tsakanin kowane bakin shigowar wuta da jikin kukar, makunnai a kunne: mita a kan Ω, kada ta nuna komai sai OL ko 1 ita kaɗai. Mayar da makunnai sifili, ɗaure duk murafai, ka ƙirga sukurorin kofi, sannan ka ɗaga bireka.

Kunna abin da ka canza shi kaɗai, daga lamba ɗaya zuwa sama. Sabon faifan ƙarfe a bar shi a kan cikakken zafi kamar minti huɗu babu tukunya, taga a buɗe. Zai yi ɗan hayaƙi, fentin kariya ne ke kamawa. Sabon zaren obin shi ma a bar shi ya ci rabin sa'a babu abinci. Idan bireka ta faɗi, kada ka sake ɗaga ta sau biyu sau uku. Kashe, buɗe, ka duba wayar da ta sauka a bakin da ba nata ba. Idan kuma ka ga tartsatsi ko hayaƙi daga baya, sauke babbar bireka, kada a zuba ruwa, idan ta kama a kira 'yan kwana-kwana ta 998.

Bayan mako ɗaya ana girki, sake kashe wuta ka buɗe ƙaramin murfin baya, ka ƙara matse sukurorin mahaɗa, domin zafi da sanyi suna sassauta sabon ɗauri.